ƊAN HAKIN DA KA RAINA: AIKATAU DA ƘANANAN KALMOMI A TURANCI



An nemi in yi magana a kan kurakuran da muka fi yi a Turanci. To, fagen yana da faɗi, ba kuwa zai yiwu a zagaye shi a zama ɗaya ba. Saboda haka na zaɓi kusurwa guda, watau zaman da ke tsakanin aikatau da waɗansu 'yan ƙananan kalmomi da ke bin bayansa, irin su "to", "for", "at", "on", "of", "with" da "from". Waɗanda suka taɓa karatun nahawun Larabci a cikinku sun san takwarorinsu da sunan haruffan jarri. Dalilin zaɓin kuwa shi ne, sau da yawa ɗalibi yakan raba dare yana haddace manyan kalmomi masu gaɓa biyar-biyar don ya burge malami, sa'an nan ya zo kan kalma mai baƙi biyu ya yi tuntuɓe. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Ba sai na daɗe ina gaya muku matsayin Turanci a ƙasar nan ba. Ba a shiga jami'a sai an ci shi da kyau a jarrabawar WAEC ko ta NECO, hukumar JAMB kuma, wadda aka kafa a 1978, ta wajabta takardar Turanci a kan kowane mai neman shiga, ko aikin likita zai karanta ko Hausa. Wannan duk kun wuce shi. Abin da ke gabanku shi ne takardar neman aiki, wadda wani da bai taɓa ganin fuskarku ba zai karanta ya yanke muku hukunci a kanta, da kuma fayil ɗin ofis, inda layi ɗaya da ƙaramin ma'aikaci ya rubuta zai bi tebur-tebur har gaban Babban Sakatare, da sunansa a ƙasa.

Mafi yawan kurakuran da zan ambata ba daƙiƙanci ne ke kawo su ba. Hausa ce kwance a ƙarƙashin Turancinmu, tana yin aikinta yadda ta saba. Harsunan nan biyu kuwa sun raba hanya a wuri guda mai muhimmanci: abin da Hausa ke faɗa ta hanyar sauya wutsiyar aikatau, Turanci yakan bar aikatau ɗin yadda yake, ya ɗora nauyin a kan ƙaramar kalmar da ke biye.

Ku ɗauki kalmar saye. Na sayi doki, na sayo doki, na sayar da doki, na saye dawakin kasuwa, na saya masa doki, doki ya sayu. Saiwa ɗaya ce, amma kowace wutsiya da labarinta. Wani Bature masanin Hausa, F. W. Parsons, wanda ya koyar a Jami'ar Landan, ya fito da bincike a 1960 inda ya kasa aikatau na Hausa gida bakwai bisa irin wannan sauye-sauye, har yanzu kuwa da rabon nasa ake koyarwa a sassan Hausa na jami'o'inmu. Turanci ba shi da wannan. In Bature zai ce na saye, sai ya ce "I bought up". Cinye shi ne "eat up", shanye shi ne "drink up". In muka ce ya jefa masa ƙwallo, Bature ya ce "he threw the ball to him". In muka ce ya jefe shi da dutse, Bature ya ce "he threw a stone at him". Kun ga bambancin wasa da faɗa, wanda mu muka sa a cikin jefa da jefe, shi a cikin "to" da "at" ya ajiye shi. Bahaushe kuwa kunnensa ya saba da sauraron wutsiyar aikatau, da zarar ya ji "threw" sai ya ɗauka magana ta ƙare, abin da ya biyo baya ado ne kawai. Alhali kuwa a nan ne ma'anar take.

Masu Larabci ba za su yi mamakin wannan ba. Sun san "ragiba fi" shi ne son abu, "ragiba an" kuwa juya masa baya. Sun san "da'a lahu" ya roƙa masa alheri, "da'a alaihi" ya roƙa masa akasin haka. Duk wanda malaminsa na zaure ya taɓa tsare shi a kan wannan, to, irin wannan tsarewar ce Turanci ke bukata.

Daga wannan saiwa ce kuma shahararren kuskuren nan ya tsiro, watau "borrow me your pen". Mu muna cewa na ari littafi, na ara masa littafi. Na ranci kuɗi, na ranta masa kuɗi. Na koyi Turanci, na koya masa Turanci. Kalma ɗaya tana kai wa tana kawowa. Turanci kalmomi biyu ya ware: mai karɓa "borrow from", mai bayarwa "lend to", mai ɗaukar karatu "learn from", mai ba da shi "teach". Wanda ya ce "borrow me" ara mini ya fassara daidai wa daida, sai dai Turanci ba shi da wannan ƙofa. Haka kuma mai kai ƙara ya ce "they stole me", yana nufin an yi masa sata. Abin da ya faɗa shi ne an sace shi, shi kansa, kun kuwa san nauyin wannan magana. Kaya ake "steal from" mutum, mutum kuma a "rob" shi "of" kayansa.

Akwai aikatau da yawa waɗanda a Hausa kai tsaye suke kama abin da aka yi wa aikin, babu ɗan tsakani. Saurari rediyo, jira ni, dube shi, amsa wasiƙa, biya littafi. A Turanci duk da ɗan tsakani: "listen to", "wait for", "look at", "reply to", "pay for". Shi ya sa za ka ga fayil an rubuta "I have replied the letter". "Answer" ne ke tafiya shi kaɗai, "reply" sai da "to". 'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar da ke zuwa karatu jami'o'in nan nasu wahalar ninki biyu ce, domin Faransanci ma a saurare da jira da nema ba ya sa ɗan tsakani, watau harsuna biyu ne ke jan su gefe guda.

Sai kuma kishiyar wannan, inda muke cusa ƙaramar kalma a wurin da ba a gayyace ta ba: "discuss about", "request for", "emphasize on", "comprise of", "enter into the room". A nan zan ɗan koma tarihi, domin yana taimakawa. Tsohon Turanci, na kafin 1066 lokacin da mutanen Normandi suka haye daga Faransa suka ci Ingila, yana da ɗafe-ɗafe a ƙarshen suna masu nuna wanda ya yi aiki da wanda aka yi wa, kamar yadda i'irabi ke yi a Larabci. A cikin ƙarnukan da suka biyo baya waɗannan ɗafe-ɗafe suka zaizaye, jerin kalmomi da ƙananan kalmomin nan suka gaji aikinsu. A daidai wannan zamani kuma dubban kalmomi suka kwararo daga Faransanci da Latin. Sakamakon haka Turanci ya wayi gari da tagwaye masu yawa, ɗaya ɗan gida mai tafiya da ɗan rakiya, ɗaya baƙo mai tafiya shi kaɗai: "go into" da "enter", "talk about" da "discuss", "ask for" da "request", "look like" da "resemble", "go with" da "accompany". Baƙon ya riga ya haɗiye ma'anar ƙaramar kalmar a cikinsa. Wanda ya ce "discuss about" ya ɗora hula a kan hula ne.

Abin da ke ƙara ruɗa mu shi ne, in aka mai da waɗannan aikatau suna, ƙaramar kalmar sai ta dawo. Daidai ne a ce "a request for leave", "a discussion about fees", "emphasis on discipline". Ido ya saba ganinsu tare, hannu sai ya haɗa su ko da a inda aikatau ne. Saboda haka "I made a request for leave" daidai, "I requested leave" daidai, "I requested for leave" kuskure. "Enter into" ma yana da gidansa, amma na yarjejeniya ne, "enter into an agreement". Ɗaki "enter" kawai ake yi.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ba shi doka cewa duk doguwar kalma ita kaɗai take tafiya. "Depend on", "insist on", "comply with", "consist of", "abstain from", duk baƙi ne daga Latin, duk kuma da 'yan rakiyarsu. Gaskiyar magana ita ce babu wata doka da za ta fisshe ka. Al'ada ce ta masu harshe, su kansu ma ba bakinsu ɗaya ba. Mutumin Amurka yakan ce "write me" ko "protest the decision", na Ingila ya ce "write to me", "protest against the decision". Ba kuma mu kaɗai ke shan wannan wahala ba. Littafin nan na T. J. Fitikides a kan kurakuran Turanci, wanda iyayenmu da yawa suka yi karatu da shi, a 1936 ya fara fitowa, marubucin kuwa malami ne a tsibirin Kubrus, yana fama da yara masu jin Girkanci. Da kuskuren ƙananan kalmomin nan ya buɗe littafin.

Yanzu bari in juyo kanku, ma'aikata, domin a wurinku ne abin ya wuce batun maki. Kurakuran da na ambata zuwa yanzu kunya kawai suke jawowa, mai karatu ya gane nufinka ya yi murmushi ya wuce. Akwai waɗanda suka fi su haɗari, su ne waɗanda jimlar take fita lafiya lau, Turanci tsantsa, amma ta faɗi abin da ba ka nufa ba.

A ce ka rubuta a fayil, "The Permanent Secretary approved the expenditure." Ma'anarsa ya ba da izini a hukumance, akanta yana iya fitar da kuɗi. In ka ce "approved of the expenditure", cewa ka yi abin ya kwanta masa a rai, yana ganin ya dace, ba ka ce ya sa hannu ba. Ranar da mai binciken kuɗi ya zo, a kan wannan "of" ɗin za a tsaya, kai kuma da ka rubuta kai za a kira. Haka "agree with" da "agree to". Shugaban jami'a yana iya "agree with" wakilan ɗalibai cewa ɗakunan kwana sun lalace, watau ra'ayinsu ya zo ɗaya, ba tare da ya "agree to" buƙatunsu ba, watau bai ɗauki alkawarin komai ba. Sakataren ƙungiyar da ya sauya ɗaya da ɗaya a rahoton taro ya sanar da dubban ɗalibai alkawarin da ba a yi ba, kun kuwa san abin da kan biyo bayan irin wannan.

Ga wani mai kama da shi. "The strike resulted in the closure of the university": yajin aiki ne ya jawo aka rufe jami'a. "The strike resulted from the closure": rufewar ce ta haifi yajin. Kalma ɗaya ta ɗauke laifi daga kan wani ta ɗora wa wani. Wanda kuwa na fi jin tsoro shi ne "substitute". In aka rubuto wa ɗan kwangilar abinci "substitute maize for millet", ana nufin ya kawo masara a madadin gero. Da yawanmu akasin haka muke fahimta, domin muna jin kamar abin da aka fara ambata shi za a cire. Shawarata ita ce ku bar wannan kalma ga masu ita, ku ce "replace millet with maize", wanda ba ya ruɗa kowa. Ba ragwanta ba ce mutum ya kauce wa rami.

Masu shirin aikin shari'a da na 'yan sanda su lura da waɗannan. "They searched him", sun caje shi, yana hannunsu ke nan. "They searched for him", suna nemansa, ba su gan shi ba. "He shot the man", ya harbe shi, harsashi ya same shi. "He shot at the man", ya kai masa harbi, mai yiwuwa bai same shi ba. Tsakanin waɗannan biyu akwai shekaru masu yawa na zaman kurkuku. Likita kuma yakan "attend" taro, amma majiyyaci "attend to" ake yi masa. Sabon ma'aikaci ranar da ya fara kama aiki "assume duty" ya yi, sai ya je hutu ya komo sa'an nan ya "resume". Mai rufe taro kuwa "round off" yake yi. "Round up" tattaro shanu ne, ko kame waɗanda ake tuhuma, saboda haka shugaban taron da ya ce zai "round up" ga manyan baƙi a zaune, ai ya kamata su fara neman takalmansu.

Shi kansa aikatau, ba tare da ɗan rakiya ba, yana da nasa tarkon, zan taɓa biyu kawai. Mu muna cewa ina da mota, ina jin Turanci, ina son shayi, duk da wannan "ina" ɗin da muke cewa ina tafiya. Saboda haka sai mu ce "I am having a car", "I am hearing English". Turanci ba ya sa mallaka da ji da sani da so a sigar aikin da ake cikin yi: "I have a car", "I understand English". In ka ji Bature ya ce "I am having", to, abinci ne a gabansa ko wani abu makamancin haka. Na biyu shi ne tun. Ina aiki a nan tun 2019, Hausa ce mai kyau. "I am working here since 2019" kuwa ba ta karɓuwa, sai "I have been working here since 2019". "Since" yana son a ambaci lokacin da aka fara, "for" yana son a ambaci tsawonsa: "since 2019", amma "for six years". Wannan kuskure yana da yawa a takardun neman aiki, domin kowa sai ya faɗi tun yaushe yake abin da yake yi.

Na san akwai masu cewa, ai Turanci ya zama namu, me zai sa mu riƙa waiwayen Landan? Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. A watan Janairu na 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Nijeriya, har da "Kannywood", da "to flag off", da "to put to bed" da ma'anar haihuwa, da "to eat money", wanda ba kowa ba ne illa cin kuɗin nan namu ya sa kwat. Ni ma ina murna da wannan. Amma ku duba abin da aka karɓa: sunayen abubuwanmu ne da salon maganarmu, waɗanda suka ƙara wa harshen arziki. Ba a ce "approve" da "approve of" sun zama ɗaya ba, ba kuwa za a ce ba, domin duk ofishin da ya haɗe su ya rasa hanyar bambance izini da ra'ayi. A majalisar hira ku yi Turancin da kuka ga dama. Takardar da za ta je hannun wanda ba ya nan balle ya tambaye ka me kake nufi, ita ce nake magana a kanta.

To, mece ce dabara? Ku daina koyon aikatau shi kaɗai. In ka tsinci sabuwar kalma, kada ka rubuta "comply" ka sa ma'anarta a gefe ka rufe littafi. Rubuta jimla sukutum, "All staff must comply with this circular", ka karanta ta da ƙarfi har kunnenka ya saba, yadda in wani ya ce "comply to" za ka ji ta yi maka karo kamar an ce na sayi masa doki. Ƙamus ɗin da ya dace da wannan aiki shi ne irin na masu koyo, wanda A. S. Hornby ya assasa. Hornby malamin Turanci ne a Japan, can aka fara buga ƙamus ɗin a 1942, kafin maɗaba'ar Oxford ta fito da shi a 1948, ya kuma tsara shi ne musamman don ya nuna abin da ke bin kowane aikatau. Mafi yawanmu ma'ana kawai muke dubawa mu rufe, alhali amfanin yana cikin misalan da ke ƙasa. Masu dogara da kwamfuta ko wayar hannu su gyara musu rubutu kuma su sani, na'ura tana iya ja wa "discuss about" layi, amma ba za ta ce uffan a kan "substitute maize for millet" ba, domin jimlar ba ta da aibu, ita kuwa ba ta san ko masara kake so ko gero ba.

Saura guda, wadda ke zaune a gindin kusan kowace takardar neman aiki: "I look forward to hear from you." Mun koya tun a firamare cewa bayan "to" aikatau tsirara yake zuwa, kamar "to go", "to come". Amma "to" iri biyu ne, wannan kuwa na haruffan jarri ne, suna yake nema a bayansa. Gwajin mai sauƙi ne: sa suna a wurin ka gani. Ana cewa "I look forward to the holiday", saboda haka in aikatau ne zai zo, dole ya sa rigar suna, watau "I look forward to hearing from you." Da wannan gwaji za ku warware "object to paying", da "with a view to improving", da "I am used to working late". "I want to" kuwa ba ya karɓar suna, ba a cewa "I want to the holiday", don haka nasa aikatau tsirara zai zo.

Malam Shugaba, na ga kana duban agogo. A nan zan dakata, mai tambaya ya ɗaga hannu.